Rijiyoyin Agadem: wa ke biyan kuɗin sawu?

Tun da aka buɗe matatar SORAZ kusa da Damagaram cikin watan Nuwamba na 2011, zancen man fetur ya shiga bakin kowa. Ana maganar ganga 20.000 da aka gina matatar don tacewa kowace rana, ana maganar babban tiyo mai kusan kilomita 2.000 da ya tashi daga Agadem ya sauka tashar Seme ta ƙasar Benin, inda aka yi lodin jirgin ruwa na farko a watan Mayu na 2024. Amma akwai wani aiki da ido ba ya gani, don can cikin ƙasa ake yin sa, alhali wani kashi na rabon Nijar a kansa ya rataya. Shi ne aikin kammala rijiya bayan an gama haƙa ta.

Man fetur ba tafki ba ne a ƙarƙashin ƙasa. Yana maƙale cikin ƙananan kafofin dutsen rairayi, kamar yadda ruwa ke zama cikin soso. A Agadem, cikin jihar Difa, wannan dutse hawa-hawa yake: shimfiɗar rairayi mai ɗauke da mai, sai laka mai tauri ta raba, sai wata shimfiɗar a ƙasanta. Masana suna kiran su shimfiɗun Sokor, da sunan wurin da aka tarar da mai a farkon shekarun 1980. Rijiya guda tana iya ratsa hawa uku, huɗu ko fiye, kowane da ƙarfin turinsa. In an bar su a haɗe, mai ƙarfi yana iya danne mai rauni, ko wanda ya soma kawo ruwa ya ɓata na sauran. Saboda haka ake raba su, a shirya kowane hawa dabam.

Wanda ya taɓa tsayawa bakin rijiya mai zurfi a Damargu ya san cika guga ba ya cin lokaci. Zura shi da jawo shi ke cinye yini. Haka rijiyar mai take, sai dai igiyarta ta ƙarfe ce. Kowane sandan tiyo tsawonsa mita 9 zuwa 10 ne, ana ɗaura su uku-uku ana zurawa. Rijiya mai zurfin mita 3.000 tana bukatar ɗauri sama da 100 wajen shiga, da kwancewa sama da 100 wajen fita. Wannan shiga da fita shi ne sawu ɗaya, kuma awoyi masu yawa yake ci.

A tsohuwar hanya, sai a sauka a kafa toshiya ƙarƙashin hawan da ya fi zurfi, a fito. A zura bindigar da ke huda tiyon bango da simintinsa don mai ya sami ƙofa, a fito. A zura rariya da tsakuwar da ke tare rairayi, a sake fitowa, kana a koma hawa na gaba a maimaita. Hawa huɗu suna iya cin sawu goma ko fiye. Duk tsawon lokacin, hayar injin haƙa tana tafiya, gazuwal yana ƙonewa, ga albashin ma'aikata. Ga kuma haɗari: in an jawo tiyo da gaggawa yana tsotso kamar allurar likita, ya janyo iskar gas cikin rijiya.

Sabuwar dabarar ita ce a huda dukan hawan a sawu guda. Daga nan a jera rariyoyi, da robobin da ke raba hawa da hawa, da ƙofofi masu zamewa, a zura su gaba ɗaya. Wani siririn tiyo a ciki yana tasowa daga ƙasa zuwa sama, yana buɗe ƙofar kowane hawa, a yi aikinsa, ya rufe ta ya wuce, ba tare da ya fito ba. A Tekun Meksiko, gefen Amurka, dabarar ta yi suna. Filayen Jack da St. Malo na kamfanin Chevron, waɗanda suka fara ba da mai a 2014, suna ƙarƙashin ruwa mai zurfin kimanin mita 2.100, man kuwa yana wajen mita 8.000. A shekarun nan hayar jirgin haƙa ta kai dala 500.000 a yini, sawu ɗaya kuma yana iya cin fiye da kwana guda.

To, mu ina ruwanmu? Yarjejeniyar da Nijar ta ƙulla da kamfanin CNPC na ƙasar Sin a 2008 ta rabon mai ce. Kamfani ke zuba kuɗin aiki, amma daga cikin man da aka fitar yake maido abin da ya kashe, kana a raba saura. Ke nan kwanan da aka ɓata wajen zura tiyo da jawo shi, a ƙarshe man Nijar ke biyan sa, rabon baitulmali ya ragu.

Sai dai kada wannan ya sa a ce kowace rijiya a yi mata sawu guda. Agadem tudu ne, ba teku ba. Rijiyoyinsa ba su kai rabin zurfin na Tekun Meksiko ba, hayar injin tudu kuma ba ta kama ƙafar ta jirgin ruwa ba. Kayan sawu guda suna da tsada, daga waje ake kawo su, sai sun ratsa rairayin Sahara bisa manyan motoci. In kuwa wani abu ya maƙale a ciki, dukan hawan ne suka tsaya, ciro shi yana iya cin makonni. A wata rijiyar sabuwar dabara ce mai araha, a wata kuma tsohuwar. A ganinmu lissafi ne kaɗai zai raba gardama, kuma bai kamata a bar wannan lissafi hannun wanda za a maida wa kuɗinsa shi kaɗai ba.

Abin lissafin yana nan a rubuce. Kowane injin haƙa yana da rahoton yini, inda ake rubuta abin da aka yi awa bayan awa: yaushe aka fara zura tiyo, yaushe ya fito, mene ne ya tsai da aiki. Injiniyoyinmu na ma'aikatar man fetur da na SONIDEP, da ɗaliban da ke fitowa daga makarantar EMIG ta Yamai, su ya kamata a zaunar bakin rijiyoyin nan, a ba su waɗannan rahotanni su ƙidaya sawun kowace rijiya, su gwada ta da maƙwabciyarta mai hawa iri ɗaya, tun kafin gwamnati ta sa hannu a takardar kuɗin da kamfani ya ce ya kashe.