Wankin Nama: Tsakanin Kwaryar Inna da Maganar Likita



Ba kasafai maganar madafa take isowa zauren dattijonmu ba. Abin da muka saba rubutawa a can shi ne rabon gado, da iyakar gona, da sulhun aure. Amma kwanakin baya wani magidanci ya zo da damuwa. Matarsa, wadda ta yi karatun jinya a Garwa, ta tarar da surukarta tana wanke naman miya, sai ta ce, "Inna, ai likitoci sun hana wannan." Tsohuwa ta ji zafin maganar, ta ce ashe da ƙazantar kasuwa ake zuba mata nama a tukunya, ita kam ta daina cin girkin amarya. Kwana uku ana ɗora tukunya biyu a gida ɗaya. Dattijo ya sasanta su, alhamdu lillahi, amma tambayar ba ta bar zukatanmu ba, domin mun san ba gidan kaɗai take ba. A wanke nama ko kada a wanke?

Mu fara da hujjar amarya, don tana da tushe. A shekarar 2014 hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ta yi gangamin hana mutane wanke ɗanyen kaza, saboda ruwan da yake fantsama yana watsa ƙwayar cutar da ake kira kamfilobakta a kan hannu da tufafi da kwanuka. A 2019 ma'aikatar aikin gona ta Amurka ta fitar da sakamakon wani gwaji da aka yi da masu girki. Daga cikin waɗanda suka wanke kaza, kashi 60 cikin 100 sun bar ƙwayoyin cuta a wurin wanke-wanke, kashi 26 kuma sun kai su har cikin ganyen latas da za a ci ɗanye. Dalilin a fili yake. Ƙwayar cuta tana manne da nama, ruwa ba ya kashe ta, iyaka ya ɗauke ta daga wannan wuri ya kai ta wancan. Wuta ce take kashe ta, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce zafin da ya kai digiri 70 har cikin tsoka shi ne abin nema. Miyar yakuwarmu, wadda maƙwabtanmu Fulani suke kira folere, tana tafasa ta wuce wannan nesa.

Sai dai a wannan gwaji akwai abin da masu yaɗa labarin suke tsallakewa. Waɗanda ba su wanke kazar ba, kashi 31 daga cikinsu su ma sun gurɓata latas ɗin. Wato barin wanki shi kaɗai bai tsare kowa ba. Hannu ne da wuƙa da katakon yanka suke yawo da cutar.

Yanzu hujjar Inna. Naman da Bature yake magana a kansa ya fito daga masana'anta, an gyara shi, an naɗe shi a leda, bai bar sanyi ba har ya isa gida. Namu kuwa kowa ya san hanyarsa. Ngong gari ne na kasuwar shanu da hatsi a bakin babbar hanyar Garwa zuwa Ngaundere, manyan motoci suna tayar da ƙura dare da rana. Mahauci yana sara da adda a kan kututture, ɓurɓushin ƙashi yana shiga tsoka, gashi yana mannewa, ƙuda yana sauka, a ƙarshe a ƙunshe a takardar siminti. A watannin Maris da Afrilu zafin ƙasarmu yana haura digiri 40, firji kuwa ba kowane gida ba, inda yake ma wuta tana ɗaukewa. Wanda ya taɓa tauna tsakuwa a miya, ko tsinin ƙashi ya soke shi a dasashi, ba ya bukatar a yi masa bayanin abin da ya sa kakanninmu suke wanke nama. Tumbi da hanji kuwa babu mai hankalin da zai ce a dafa su babu wanki.

Da yawa daga cikinmu suna ɗauka wankin nama umurnin addini ne, don haka barinsa saɓo. A nan ya kamata mu koma ga abin da muka karanta a gaban malamanmu. A mazhabar Malikiyya, jinin da ya kwarara lokacin yanka shi ne najasa, shi ne kuma Alƙur'ani ya haramta a aya ta 145 ta Suratul An'am. Wanda ya saura cikin jijiya da tsoka bayan an yi yanka na shari'a, Muktasar na Shehu Halilu ya lissafa shi cikin abubuwa masu tsarki. Saboda haka idan jinin mayanka ya taɓa nama, a wanke wurin. In ba haka ba, wadda ta dafa nama mai tsabta ba tare da wanki ba ba ta ciyar da iyalinta haram ba. Tsarki daban, tsabta daban, kuma akwai abu na uku da ido ba ya gani. Nama yana iya zama mai tsarki a fiƙihu, ya yi fes a ido, alhali yana ɗauke da ƙwayar da za ta kwantar da yaro da zawo. Tsila, wadda ake kamuwa da ita daga naman shanu da bai dahu ba, a cikin tsoka take ɓuya. Ko da kogin Binuwai aka wanke shi, tana nan.

Ra'ayinmu, bayan mun auna ɓangarorin biyu, shi ne wannan. Naman da ya fito daga teburin kasuwa da ƙura da ƙashi, a wanke shi, babu kunya a ciki. Wanda ya zo a gyare, ko kazar sanyi ta kanti, a wuce da shi tukunya kai tsaye. Kuma duk wadda za ta wanke, ta san cewa ruwan da ya rage a roba ya fi naman haɗari, domin naman zai shiga wuta, ruwan ba zai shiga ba.

Abin farin ciki, tsohuwar al'adarmu ta fi kusa da daidai a kan sabuwar. Kakanninmu ba su da famfo mai feshi a saman kwanuka. A tsakar gida suke tsugunawa, su tsoma nama a kwarya ko akushin da aka keɓe masa, su cuɗa a hankali, su tsame. Abin da za mu ƙara kaɗan ne. A keɓe roba ɗaya ta nama, kada a wanke tumatir a cikinta. A yi amfani da ruwan da za a iya sha, domin wanda ya ga annobar amai da gudawa ta 2010 a arewacin Kamaru ya san abin da gurɓataccen ruwa yake yi. A zubar da ruwan wankin a rami ko magudana, nesa da randa, nesa da inda jariri yake rarrafe. Albasa da kabeji da latas da za a ci ɗanye, a gama da su a rufe kafin a taɓa nama. Bayan haka a wanke hannu da wuƙa da sabulu, kada a goge a gefen zane a koma dama fura. Kuma kada a bar nama a jiƙe cikin ruwa a wannan zafi ana jiran itace ya kama.

Muna da magana da mahautanmu ma. Fawa sana'ar da aka san Bahaushe da ita ce a wannan ƙasa, har fadojin lamidai suna da Sarkin Fawa, kuma tsire da ake kira soya a Kamaru da kilishin da matafiya suke tsaraba da shi hannun iyayenmu ne ya yaɗa su. Mu tsiraru ne a nan, ana ganin mutuncinmu a kan teburin mahauci kafin a gan shi a ko'ina. Wuƙar da ta yanka ɗanyen nama kada ta yanka gasasshe ko albasar da za a barbaɗa a kai. A rufe tebur daga ƙuda, a daina ƙunshi da takardar siminti, kada a ɓoye dabba mara lafiya daga jami'in dabbobi. Idan nama ya bar kasuwa da tsabta, rabin gardamar gida ta ƙare.

Ga 'ya'yanmu masu ilimin zamani, ku kawo abin da kuka koya, muna so, amma ku dubi ƙasar da aka rubuta dokar dominta kafin ku ɗora ta a kan murhun uwarku, ku kuma zaɓi lafazi. Ga iyayenmu mata, ba a raina hannunku ba, ƙari ne aka kawo. Babbar Sallah tana tafe a kowace shekara, ranar da kowane gida yake zama mahauta, yara suna kai da kawo tsakanin robar kayan ciki da kwanon abinci. Kafin ta zo, kowace uwar gida ta sayi roba ɗaya da sabulu ɗaya ta ajiye domin nama.

A gidan da muka ambata, mun ji an koma tukunya ɗaya. Inna tana wankewa a tsakar gida, amarya tana tsaye da buta da sabulu. Allah Ya ba mu lafiya da zaman lafiya, Ya sa albarka a abin da muke ci. Wassalam.