Chasselay, Ƙaramin Garin da Ya Riƙe Amanar Mazan Jiya

A wannan fitowa filin namu zai leƙa wani ƙaramin gari na ƙasar Faransa mai suna Chasselay, wanda ake furtawa Shasle. Yana arewa da birnin Liyon, tafiyar da ba ta kai kilomita 20 ba, kuma mutanensa ba su wuce 'yan dubbai ba. Tsohon gari ne na manoma masu lambunan 'ya'yan itatuwa. Mai karatu zai iya tambaya, to mu mutanen Zangon Kutonu mene ne haɗinmu da shi? Haɗinmu da shi kaburbura ne.

A zamanin mulkin mallaka Faransa ta riƙa ɗibar samari daga ƙasashen da ta mallaka a Afirka ta Yamma tana sa su aikin soja. Dukkansu ana kiran su sojojin Sanagal, alhali kuwa akwai 'yan Dahome da Nijar da Gini da Mali ta yau a cikinsu, kuma da yawansu Musulmi ne. A watan Yuni na 1940, lokacin da Jamusawa suka ci ƙarfin Faransa, aka umarci runduna ta 25 ta waɗannan sojoji da ta tare hanyar shiga Liyon. Suka yi ta ɗauki-ba-daɗi ranakun 19 da 20 ga wata har harsashinsu ya ƙare, suka miƙa wuya. Sai Jamusawa suka ware fararen fata gefe guda, suka kora baƙaƙe cikin wani fili, suka buɗe musu wuta daga tankokin yaƙi. Kwana 2 bayan haka Faransa ta sa hannu a kan yarjejeniyar tsagaita wuta.

A nan ne halin mutanen garin ya bayyana. Duk da tsoron sojojin mamaya, sun tattara gawarwakin sun binne, sun kuma yi jinyar waɗanda suka tsira da raunuka. Daga baya wani ma'aikaci mai kula da al'amuran mazan jiya, Jean Marchiani, ya sayi fili ya sa aka tattaro gawarwakin sojojin Afirka da aka kashe a wannan yanki. Aka kewaye wurin da jar katanga irin ginin ƙasashenmu, aka buɗe shi ranar 8 ga Nuwamba 1942, yaƙi bai ma ƙare ba. Sunan maƙabartar Tata, kalmar da ba baƙuwa ba ce a kunnen ɗan Benin da ya san gidajen Somba na Atakora. Sojojin Afirka ta Yamma 188 ne ke kwance a ciki. A 1966 gwamnatin Faransa ta mayar da wurin maƙabartar ƙasa.

Abin da ke sosa rai shi ne, da dama daga cikin kaburburan ba su da suna. Kowannensu kuwa ɗan wata uwa ne da ta yi ta duban hanya har ta koma ga Mahaliccinta. Masu binciken tarihi ba su daina nema ba, har a 2022 aka kafa alluna masu ɗauke da sunayen wasu sojoji 25 a wurin.

Jama'a, idan bare ya riƙe mana wannan amana fiye da shekara 80, ina namu ƙoƙarin? A gidajenmu akwai tsofaffin akwatuna masu ɗauke da takardar soja ko lambar yabo ko hoton kaka da kaki, ana barin su gara da damina suna ci. Mu fito da su, mu adana, mu sa yaranmu masu karatun Faransanci su karanta mana, mu rubuta sunan mai su da garinsu tun dattawan da suka san labarin suna raye.

'Yan'uwanmu mazauna Faransa kuma, musamman na Liyon da kewaye, ziyarar maƙabarta sunna ce mai tuna wa bawa lahira. Ku ɗauki iyalanku ku je Chasselay, ku yi wa Musulmin da ke kwance a can sallama da addu'a.

Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata namu ƙarshe. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.