Akwati Biyu, Kwana Goma: Me Bahaushe Ke Nema a Landan?

A shekarar 1853 wani ayari ya taso daga Katsina ya nufi Wurno, ya bi ta Zurmi da Badarawa, ƙasar da a yau take arewacin Jihar Zamfara. Cikin ayarin akwai Bajamushe Heinrich Barth, wanda mutanen ƙasar suka sani da Abdulkarim, yana yawon bincike da kuɗin gwamnatin Birtaniya. Cikin masu yi masa hidima kuma akwai wani yaro Bahaushe daga ƙasar Damagaram mai suna Dorugu, wanda aka taɓa kamawa bawa, daga baya aka 'yanta shi. A 1855 yaron nan da ya taka ƙasar Zurmi da ƙafarsa ya iso Landan tare da Barth. A Ingila ya zauna da wani malamin mishan, J. F. Schön, ya ba shi labarin rayuwarsa da Hausa, aka rubuta, labarin ya fito cikin littafin Magana Hausa a 1885. Abin da ya sa har yau ake karanta shi shi ne Dorugu ya kalli Turawa kamar yadda Barth ya kalli Zamfarawa. Ya lura da gidajensu, da yadda suke zama su ci abinci, ya kuma bayyana su ba tare da jin tsoronsu ba.

Waɗanda suka biyo bayansa ma da ido suka je. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya ziyarci Landan a 1921. Sarkin Musulmi Hasan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usmanu sun je a 1934. Abubakar Imam ya je a 1943 cikin tawagar editocin jaridun Afirka ta Yamma, ana tsakiyar yaƙin duniya, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi. Gaskiya ne Turawan mulki ne suka tsara yawancin waɗannan ziyarce-ziyarce domin a nuna wa baƙi ƙarfin daula, amma baƙin sun dawo da tambayoyinsu da hukuncinsu, kamar yadda masanin tarihi Moses Ochonu ya nuna a littafinsa Emirs in London na 2022.

Yau masu zuwa sun yi yawa. Akwai malamin kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Ƙaura Namoda da ya samu halartar taro, da likitan da ya je jarrabawa, da ɗan kasuwar Shinkafi da ya raka mahaifiyarsa ganin likita, da uban da ya je bikin kammala karatun 'yarsa. Tafiyar ba ta da sauƙi. Ga mutumin Sakajiki ko Zurmi, zangon da ya fi tayar da hankali a shekarun nan shi ne na farko, daga gida zuwa Gusau, saboda 'yan bindiga. Awa shida da wani abu da jirgi zai yi daga Abuja zuwa Heathrow hutu ne. Kafin nan ya biya kuɗin biza fiye da fam 100, ya tara takardun banki, ya yi jira. Bayan duk wannan wahalar, kwana goman da ya samu a birnin yawanci iri ɗaya suke tafiya: hoto a gaban fadar Buckingham, hoto a gaban agogon Big Ben, in mai son ƙwallo ne hoto a filin Arsenal, sauran kwanakin kuma titin Oxford da kantunan Westfield, har akwati biyu masu nauyin kilo 23 kowanne su cika. Wannan tsari ya daina biyan kuɗin sabulu, kuma yana sa baƙo ya bar abin da ya fi daraja a birnin, wanda kyauta ne.

Lissafin sayayyar a fili yake. A farkon 2023 fam ɗaya bai kai naira 600 ba a farashin gwamnati. Bayan da aka saki naira a watan Yuni na shekarar, fam ya haura naira 2,000 a 2024. Tun ranar 1 ga Janairun 2021 kuma Birtaniya ta daina mayar wa baƙi harajin kashi 20 cikin 100 da ake ɗorawa a kan yawancin kaya, wanda a da ake karɓa a filin jirgi kafin a tashi. Paris da Rum da Madrid har yanzu suna mayarwa. Landan ta daina. Wanda ya juya wuyan rigar da ya saya a titin Oxford kuma zai ga an rubuta Bangladesh ko Sin ko Turkiyya, wato inda 'yan Kantin Kwari ke saro nasu kayan. Leshin da mata ke bi har shagunan kusa da tashar Liverpool Street su saya, yawancinsa daga wasu ƙasashe aka kawo shi, kuma a Kano ma akwai shi. Abin da ya rage wa Landan a wannan fanni kaɗan ne: takalmi mai ƙwari, tabbacin cewa kayan ba jabu ba ne, da littattafai, musamman na hannu, waɗanda ake samu da araha a shagunan ƙungiyoyin agaji.

Ba a raina tsaraba. Wanda ya dawo daga tafiya hannu rabbana ya san abin da za a faɗa a zaure da cikin gida, kuma tsaraba hanya ce ta cewa an tuna da mutum a nesa. Matsalar ita ce ta cinye tafiyar baki ɗaya. Yini ɗaya ya ishe ta idan an rubuta sunaye tun daga gida.

Masauki ma yana da lissafin da ba a cika faɗa ba. Ɗakin otal a tsakiyar birnin ƙarami ne, tsadarsa kuwa sai wanda ya gani, ba kuma za a sami buta a banɗaki ba, don haka masu dabara ke saka ƙaramar ta roba a jaka. Wannan ya sa da yawa ke sauka wajen ɗan'uwa a Woolwich ko Barking ko Peckham. Zumunci ne, amma ɗan'uwan nan sau da yawa ɗalibi ne ko ma'aikacin jinya da ke haya a ɗaki ɗaya, yana aikin dare, ana biyansa da awa. Duk ranar da ya ajiye aiki ya raka baƙo kasuwa, ranar ba shi da albashi, kunya kuma ba za ta bar shi ya faɗa ba. Baƙo mai tunani kan koyi hawa jirgin ƙarƙashin ƙasa tun rana ta biyu. Ba wuya: katin banki ko katin Oyster ake dangwalawa a ƙofa, kuma akwai iyakar abin da za a cire wa mutum a yini komai yawan hawansa. Lokutan salla ne kawai ke buƙatar shiri, domin a watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, a Disamba kuwa kafin ƙarfe huɗu an yi magariba. Babban masallacin Regent's Park da na Whitechapel duk suna kusa da tashoshin jirgi.

Abinci shi ne inda tsoro ya fi yawa, alhali nan ne ya fi rashin dalili. Mutane kan cusa kilishi da dambun nama a akwati, ba su san cewa doka ta hana matafiyi daga Najeriya shiga Birtaniya da nama ko madara ba. Idan jami'an kwastan suka gani, ƙwacewa za su yi. Birnin kuwa cike yake da naman halal, daga gidajen abincin Larabawa na titin Edgware zuwa na 'yan Bangladesh a Whitechapel. A Rye Lane ta Peckham akwai doya da kuɓewa da manja da gasasshen nama da yaji. Wani abin lura ya faru a 2024: wani gidan abinci mai suna Chishuru ya sami tauraron Michelin, lambar yabo mafi shahara a harkar girki a Turai. Mai gidan, Adejoké Bakare, a Kaduna ta tashi, ita ce baƙar mace ta farko da ta sami wannan lamba a Birtaniya, sunan gidan ma daga Hausa aka ɗauko shi, wato ci shiru, kuma sinasir na cikin abin da ta shahara da shi. Musulmi zai tambayi asalin naman kafin ya zauna a irin waɗannan wurare, kuma farashin ba na kowa ba ne. Amma ya kamata mai sha'awar kasuwanci ya tsaya ya yi tunani a kan yadda sinasir da ake sayarwa a bakin tasha ya zama abin da Turawa ke kama kujera tun makonni kafin su ci, da kuma dalilin da ya sa ba Bahaushiya ce ta kai shi can ba.

Sai abin da ake bari a baya. Shiga manyan gidajen tarihi na gwamnati a Landan kyauta ne. A gidan tarihin Birtaniya, ɗaki na 25 na Afirka ne, kuma a nan aka jera allunan tagulla da sojojin Birtaniya suka kwaso daga fadar Benin a 1897. Gidan yana riƙe da kayan Benin kusan 900, yana kuma kafa hujja da wata doka ta 1963 da ta hana shi rabuwa da abin da ke hannunsa, ko da yake ƙaramin gidan tarihi na Horniman da ke kudancin birnin ya miƙa wa Najeriya mallakar kaya 72 a 2022. Akwai masu cewa ba za su je kallon kayan sata a gidan ɓarawo ba, kuma ɗacin da ke cikin maganar gaskiya ne. Sai dai ƙauracewar ba ta rage wa gidan komai, tunda ko kwabo ba ya karɓa a ƙofa, wanda ya gani da idonsa kuwa shi ne zai iya yin gardamar dawo da kayan da hujja. Tafiyar 'yan mintuna daga nan akwai makarantar SOAS, inda G. P. Bargery, mai babban ƙamusun Hausa na 1934, ya koyar. Gaba kaɗan, kusa da tashar St Pancras, akwai babban ɗakin karatu na Birtaniya, inda katin shiga ɗakunan nazari kyauta ne, kuma mutum zai iya neman littafin Barth mai mujalladi biyar na 1857 zuwa 1858 ya karanta abin da ya rubuta game da Zurmi da kasuwar Badarawa, ko littafin tafiyar Clapperton na 1826 mai ɗauke da taswirar da aka zana masa a fadar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello.

Ko gine-ginen da ake wucewa a mota suna da alaƙa da gida. Bush House da ke Aldwych, wanda yanzu ke hannun jami'ar King's College, daga nan Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957, ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye kafin a tashi a 2012. Duk wanda ya girma yana jin labarun asuba a rediyon mahaifinsa ya san wannan suna. A bakin kogin Thames kuma, kusa da gadar Blackfriars, akwai wani farin gini mai lanƙwasa, Unilever House. A 1929 aka kafa kamfanin UAC, wanda ya zama reshen Unilever a Afirka kuma babban mai sayen amfanin gona a Najeriya. A wannan shekarar ce layin dogo da ya taso daga Zariya ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda ya tsaya. Ba don jin daɗin fasinja aka shimfiɗa shi ba. Gyaɗa da auduga da fatu na ƙasar Zamfara ake kwasa zuwa tashar jiragen ruwa ta Legas, daga nan zuwa masana'antun Ingila. Ginin yana nan ana aiki a cikinsa. Tashar Ƙaura kuwa ta daɗe ba ta ga jirgi ba. Mutumin Ƙaura da ya tsaya a gaban ginin nan minti biyar yana sane da wannan ya ga Landan fiye da wanda ya ɗauki hoto ɗari a gaban fada.

Wurin da ya fi cancantar a ba shi yini guda cur shi ne ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kew, a yammacin birnin, kan layin jirgi na District. Ana buɗewa Talata zuwa Asabar. Katin mai karatu kyauta ne ga ɗan kowace ƙasa, muddin ya zo da shaidar suna da ta adireshi, kuma an yarda ya ɗauki hoton takardu da wayarsa. Jerin da ake kira CO 446 ya ƙunshi wasiƙun da suka gudana tsakanin gwamnan Arewacin Najeriya da ofishin mulkin mallaka tun zamanin Lugard, har da na shekarar 1903 da aka ci Kano da Sakkwato. CO 583 kuma ya ɗora daga lokacin haɗe Kudu da Arewa. A cikin irin waɗannan fayiloli ake ganin yadda aka yi muhawara kan haraji da layin dogo da naɗin sarakuna, da rubutun hannun jami'an da ba su taɓa ganin Najeriya ba a gefen takarda. Lauya da ke bin shari'ar iyaka, da malamin da ke rubuta digiri na uku, da jikan da ke neman labarin kakansa, kowa zai sami abin ɗauka.

Amma kada a zaci komai yana can. Kew ta ajiye abin da aka aika Landan ne, wato maganar manya. Rahotannin gundumomi, da ƙididdigar haraji ƙauye bayan ƙauye, da bayanan da razdan da di'o suka tattara daga bakin dattawa kan asalin garuruwan Lardin Sakkwato, waɗanda Ƙaura Namoda da Zurmi ke ciki a wancan zamani, yawancinsu suna ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa da ke Kaduna. Matafiyin da ya sauka a Abuja da akwatunansa biyu ya kama hanyar Gusau, ta Kaduna motarsa za ta bi.