Hujja Tana Wuyan Mai Da'awa

Duk wanda ya saurari rediyo da dare a garuruwanmu, ko ya tsaya a bakin tasha inda mota mai lasifika ke yayata hajarta, ya san irin alkawuran da ake yi wa jama'a game da ƙwayoyi da garuruka da ruwan kwalba da ake kira masu ƙara lafiya, waɗanda ake cewa guda ɗaya daga cikinsu tana wanke jini, ta sauke hawan jini, ta kori ciwon sukari da basir, har ta mayar wa dattijo da ƙuruciyarsa. Abin da ya kamata mai hankali ya tambaya shi ne: a wuyan wa nauyin tabbatar da wannan magana yake?

Amurka ta ba da tata amsa a shekarar 1994, lokacin da majalisarta ta kafa dokar da ta sanya waɗannan kayayyaki a sahun abinci, ta yadda mai sarrafa su ba ya bukatar nuna wa hukumar kula da abinci da magunguna ta FDA cewa suna da amfani kafin ya kai su kasuwa, sai ita hukumar ce za ta bi sawu daga baya ta tabbatar da cutarwarsu. Sakamakon haka ya bayyana a kan ganyen ephedra, wanda aka daɗe ana tallarsa don rage ƙiba da ƙara kuzari alhali yana tayar da hawan jini da bugun zuciya, ba a kuwa haramta shi ba sai a 2004, bayan rayuka sun salwanta, ciki har da ɗan wasa Steve Bechler, wanda ya rasu a 2003 yana da shekara 23.

Mu ma a nan da sauran gyara. Hukumar kula da abinci da magunguna ta NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, tana ba magungunan tsirrai lambar da ke ƙarewa da harafin L, wadda ma'anarta ita ce an duba ba a ga guba a ciki ba. Amma game da ko abin yana warkarwa, jikin kwalbar ma yana ɗauke da rubutun cewa hukuma ba ta tantance wannan da'awa ba. Sai dai an rubuta shi da Turanci, da ƙananan baƙaƙe, mai talla kuwa da Hausa yake shelanta lambar kamar shaidar waraka ce.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da yanke hukunci cewa kawo hujja wajibi ne a kan mai da'awa, sun kuma haramta algus da cinikin garari, kamar yadda Daular Sakkwato ta naɗa muhtasibi don tsaron mudu da ma'auni. Idan tauye mudun gero laifi ne, babu shakka sayar wa mai ciwon ƙoda fata na ƙarya, har ya bar maganin likita, ya fi shi muni.

Don haka maslaha ita ce a tilasta karanta gargaɗin da ke jikin kwalba da Hausa a ƙarshen kowace talla, a hana ambaton sunan cuta sai da shaidar gwaji, a kuma ci tarar gidan rediyon da ya karɓi kuɗi ya watsa abin da bai ga hujjarsa ba.