Tuwo Ba Ya Zama Guzuri



A watan da ya wuce na raka wani ɗanmu tashar mota a Gwarzo, zai koma bakin aikinsa na soja bayan ɗan hutun da aka ba shi. Ranar da ya iso Kutama, tuwon dawa da miyar kuka mahaifiyarsa ta yi masa, har da man shanu. Amma ranar komawa ko malmala ɗaya ba ta ƙulla masa ba. Abin da ta zuba masa a jaka shi ne ƙuli-ƙuli, garin kwaki, yaji, ɗan kilishi da kwalin biskit ɗin kabin. Ba wanda zai ce ta yi rowa. Ta san tuwo na gida ne, in ya kwana sai ɗumame, in ya ƙara kwana sai a zuba wa kaji.

Muna jiran mota ta cika sai ya faɗa mini wata magana da ta hana ni barci. Ya ce inda aka tura su akan yi makonni ba sabis, ba inda za a yi cajin waya, majami'a kuwa ko labarinta babu. Littafi Mai Tsarkinsa a cikin waya yake, wayar kuma ta mutu. Wani dare tsoro ya kama shi, ya so ya yi addu'a, ya lalubi kansa ko zai sami abin riƙewa. Abin da ya samu amshin waƙoƙi ne guda biyu ko uku, da rabin Zabura 23, wadda kakarsa ta koya masa tun bai shiga firamare ba. Shekara bakwai yaron nan ya yi a Zumuntar Matasa, biyar daga ciki a ƙarƙashina. Ban ga laifinsa ba. Mu ne muka ciyar da shi tuwo mai zafi kowace Lahadi, muka sallame shi ba guzuri.

Ku dubi biskit ɗin nan na kabin da ake saya wa 'yan makarantar kwana. Sunansa daga ɗakin jirgin ruwa ya fito, domin kakansa abincin matuƙan jirgi ne. A zamanin jiragen da iska ke turawa, akan yi watanni a teku ba a ga tudu ba, burodi kuwa kwana kaɗan yake yi ya yi fumfuna. Sai aka koma ga wani abu da ba shi da komai sai garin alkama da ruwa, wani lokaci da ɗan gishiri. Ba yisti, ba mai, ba sukari. A murza shi da kauri, a huhhuda shi don tururi ya fita, a gasa, a sake mayar da shi wuta har sai danshi ya ƙare ƙaf. Ita kanta kalmar biskit, asalin ma'anarta abin da aka gasa sau biyu. A rundunar ruwa ta Ingila kowane matuƙi yana da rabonsa na kusan rabin kilo a rana. Sojojin ƙasa ma shi aka riƙa ba su har zuwa yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Taurinsa ya kai ya karya haƙori, shi ya sa sai an farfasa shi an jiƙa a shayi ko romo kafin ya ciwu. In ya daɗe ƙwari sukan shige shi, mutum ya bubbuga shi a tebur su fito, ya ci abinsa. Ba wanda ya taɓa yin marmarinsa. Amma in an ajiye shi a busasshen wuri yakan yi shekaru bai lalace ba.

Kakanninmu ba su jira Bature ya koya musu wannan ba. Fataken da suke tashi daga Kano zuwa Gwanja sayen goro, tafiyar watanni ce a ƙasa, daga zango zuwa zango, ga jakuna ga kaya, kuma busasshen abu ne yake raka irin wannan ayari. Ku lura da yadda ake kilishi. A yanyana nama ya yi siriri, a shanya ya bushe, a tsoma shi a labu, a sake shanyawa, sa'an nan a nuna masa wuta. Ƙuli-ƙuli kuma sai an matse tunkuza an raba ta da manta kafin a soya ta ta yi ƙarau. Dabarar ɗaya ce da ta masu jirgi: abin da zai yi nisa, sai an cire masa ruwan da ke sa shi laushi, don shi ne kuma yake sa shi ruɓa.

To, yanzu mu dubi abin da muke ci a zumuntarmu. Muna taruwa da yamma, a tayar da janareta, a yi waƙa kusan sa'a guda, a yi rawa, wani ya ba da shaida, mai wa'azi ya yi minti goma sha biyar yana kallon agogo, a karɓi baiko, a tashi. Kada ku ɗauka ina ƙin wannan. Ni ma ina taka rawar, waɗanda suke zama kusa da ni sun sani. Tuwo ne mai daɗi, kuma yaron da ba a ba shi tuwo a gida ba zai yi ƙwari ba. Amma duk abin nan yana bukatar taro, da wuta, da na'ura, da wani a gaba yana jan waƙa. Ka ɗauke mutum ɗaya daga cikinsa ka ajiye shi shi kaɗai, me ya rage a hannunsa?

Ku kuwa masu tafiya ne, ko kun so ko ba ku so ba. Da an gama girbi wasunku za su tafi cin rani. Wasu za su shiga Kano ta Kabuga neman aikin gini ko gadi, su kwana a shago tare da mutanen da ba su san Almasihu ba. Wasu makarantar kwana, wasu bautar ƙasa, wasu Zariya wajen horon kuratan soja. 'Yan matanmu kuma aure zai kai wasu ƙauyen da majami'a mafi kusa sai an yi tafiyar sa'a biyu. Waya da kuke dogara da ita, kun tuna a watan Satumba na 2021 aka rufe layukan sadarwa a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina, maƙwabtanmu na nan kusa, aka yi makonni ba kira ba saƙo. Ko ba a rufe layi ba, waya takan faɗi, a sace ta, ko a sayar da ita ranar da yunwa ta matsa. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni.

Ra'ayina shi ne mu mayar da hadda cikin zumunta, mu ba ta wuri na farko, ba ragowar lokaci ba. Kuma ba haddar aya ɗaya tsinke daga nan ɗaya daga can don gasar kacici-kacici ba. Sura sukutum, da Hausa, harshen da mutum yake kuka da shi in abu ya same shi. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Tsofaffinmu da yawa da suka karɓi bishara ba su iya karatu sosai ba, amma abin da suka ji sun riƙe, shi ya sa kakar sojan nan ta iya ba shi abin da mu masu takardun makarantar tauhidi muka kasa. Ina kuma faɗa da girmamawa, ku leƙa makarantar allo da ke unguwarku da asuba ku ga yadda yaran maƙwabtanmu suke maimaita karatunsu har ya zauna. Ba ƙwaƙwalwa suka fi ku ba. Sun yarda ne cewa abin ya cancanci wahalar.

Na san abin da za a ce, domin an riga an faɗa mini. Wani ɗan'uwa mai karatu ya tuna mini da Fitowa sura 16, cewa manna ba ta ajiyuwa, waɗanda suka ɓoye ta zuwa safe sun tarar ta yi tsutsa tana wari, saboda haka Allah yana so mu dogara gare shi kowace rana, ba ga rumbun da muka tara ba. Maganarsa tana da nauyi, kuma akwai mai hadda da ya cika kansa da ayoyi zuciyarsa kuwa fayau. Amma a cikin surar nan ce aka umarce su su tara ninki biyu a rana ta shida saboda Asabar, bai kuwa lalace ba. A daren da suka bar Masar ma, a sura 12, ƙullun da ba yisti suka naɗe a mayafi suka saɓa a kafaɗa, shi suka toya a hanya. Abin da ya fi kama ni shi ne Matta sura 4. Ubangijinmu yana jeji shi kaɗai, kwana arba'in ba abinci, ba majami'a, ba naɗaɗɗen littafi a hannunsa. Sau uku Shaiɗan ya gwada shi, sau uku ya amsa masa daga Maimaitawar Shari'a, da ka. Amsar farko ma daga wurin da Musa yake tuna wa jama'a labarin manna ta fito. In shi Ɗan Allah ya shiga jeji da guzuri, ban ga dalilin da zai sa ni da ku mu shiga hannu rabbana ba.

Magana ta biyu ita ce hadda ba daɗi, matasa za su gudu. Wannan ita ce ta kayar da ni a baya. Shekarar da na zo na tarar ana yin ayar haddacewa, na ga kujeru suna raguwa, na bari aka ajiye ta a hankali, na ce wa kaina ai gara su zo su yi waƙa da su zauna a gida. Na ƙirga kawuna a majami'a, ban ƙirga abin da kowane kai zai fita da shi ba. Gaskiya ne ba daɗi. Maimaita aya sau ashirin kamar tauna busasshen ƙuli ne. Amma shi irin wannan abinci, daɗinsa ba ranar da ake yin sa yake fitowa ba. Kamar biskit ɗin matuƙan nan ne, sai an jiƙa shi. Ayar da ka haddace kana hamma kana da shekara goma sha shida, ranar da kake zaune a bakin gadon asibiti ko a cikin rami da bindiga, hawaye ne zai jiƙa ta ta yi laushi.

Sai dai kada wani ya ce ya sami hujjar daina zuwa sujada. Matuƙan da suka daɗe suna cin biskit da naman gishiri kaɗai, wata cuta takan kama su, dasashi ya kumbura, haƙora su yi ta zubewa, tsohon rauni ya buɗe, da yawa kuma suka mutu. A 1747 wani likitan jirgi mai suna James Lind ya gwada magunguna iri-iri a kan marasa lafiya goma sha biyu, waɗanda ya ba lemun zaƙi da na tsami su ne suka farfaɗo da sauri. Busasshen abinci yana riƙe rai a hanya, amma jiki yana bukatar ɗanye. Wanda ya je baƙon gari ya ce ayoyinsa sun ishe shi, bai nemi 'yan'uwa ba, bai zauna a Jibin Ubangiji ba, zai rame yana tsammanin lafiyarsa ƙalau. Duk inda ka sauka, ranar farko ka tambayi inda masu bi suke taruwa, ko da su uku ne a ƙarƙashin darbejiya.

Ga abin da na kai gaban dattawan ikilisiya da shugabannin zumunta. Minti ashirin na farkon kowane taro, kafin a tayar da janareta, na hadda ne. Aya biyu a mako, ba ƙari. Zabura 23 aya shida ce, Zabura 121 takwas, Zabura 91 goma sha shida, Ishaya 53 goma sha biyu, Romawa 8 kuma talatin da tara. Duka tamanin da ɗaya ke nan, wato mako arba'in da ɗaya, sauran makonnin shekara mu yi bita. Kowa zai sami abokin da zai riƙa karɓar masa, ni ma haka, domin na gwada Romawa 8 a ɗakina shekaranjiya na maƙale a aya ta goma sha biyu. Na kuma roƙa a ɗage sayen sabuwar sifika zuwa baɗi, kuɗin a sayi Littafi Mai Tsarki na takarda, duk wanda zai bar gari a miƙa masa nasa a gaban jama'a a yi masa addu'a. Na san 'yan ƙungiyar mawaƙa ba su ji daɗin wannan ba, sun daɗe suna tara kuɗin nan, kuma tsohuwar sifikar tana shaƙewa. Ƙofata a buɗe take, ku zo mu yi magana, in kuna da wata hanyar da za a sami duka biyun zan fi kowa murna. Amma ba a fafe gora ranar tafiya, masu cin rani kuwa saura wata biyu su tashi.

Ranar Lahadi mai zuwa da ƙarfe huɗu za mu fara da Zabura 121, aya ta ɗaya da ta biyu. Wanda ba shi da littafi ya zo da takarda da biro. Sojan namu ya ce in ya sami sabis a tura masa ayoyin kowane mako, zai kwafe su a bayan littafin aljihunsa kafin caji ya ƙare.