Fangalin alayyahu a tsakar gida



Da wuya mu wuni a kantinmu na magani a nan Abuja ba a zo neman maganin ƙarin jini ba. Nakan tambayi uwargida, yaushe rabon da ganye ya shiga tukunyarki? Sai ta yi dariya ta ce ai ganye yanzu sai mai kuɗi. Da gaskiyarta. Amma alayyahun da kike saye ƙulli-ƙulli, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma ba zai iya ba ki shi.

Abin da nake nufi shi ne fangali mai tudu. Ki jera bulo ko katako a kewaye, tsayinsa santimita 25 zuwa 30, ki cika da ƙasa. Faɗin kada ya wuce mita 1.2, domin hannunki ya kai tsakiya daga kowane gefe ba sai kin taka ciki ba. Ƙasar da ba a takawa ba ta daskarewa, saiwa na nutsewa cikin sauƙi, shi ya sa ake iya shuka kusa da kusa, ganyen ya rufe ƙasa ya hana ciyawa sakat. Da damina kuma ruwa ba ya kwanciya a gindin shuka. Alayyahu kan isa yanka cikin mako uku zuwa huɗu, in kin yanke sama kin bar gindi sai ya sake tohowa. Rama da latas ma suna yi. Ki dai zaɓi inda rana ke samu aƙalla awa shida. Nawa na farko gindin mangwaro na yi shi don gudun zafi, ya fito siriri kamar zare.

Inda na fi so mu natsu shi ne ƙasar da za ki zuba. Kada ki ɗebo ta bakin titi, ko kusa da garejin kanikawa, ko inda ake fasa tsohon batir, ko juji. Irin waɗannan wurare kan tara gubar dalma, wadda ba ta da wari kuma ba ta ruɓewa. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda dalmar da ta cakuɗe da ƙasar tsakar gida wajen niƙa dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400. Dalma na taɓa ƙwaƙwalwar yaro, kuma ita kanta tana jawo ƙarancin jini. Ki nemo ƙasar gona, ki gauraya da taki wanda ya ruɓe sosai. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu yana ƙona shuka, yana kuma ɗauke da ƙwayoyin cutar gudawa. Ban ruwa da ruwan kwata, a'a. Ruwan wankin shinkafa ya yi. In tsutsa ta bayyana ki tsince ta da hannu, don Allah kada Sniper ya kusanci abin da yara za su ci.

Sai dai kada wata ta ajiye maganinta ta ce na ce. Sinadarin ayon da ke cikin ganye jiki ba ya zuƙarsa kamar na nama da hanta. Matsa lemon tsami a kwaɗo yana taimakawa, shan shayi a kan abinci yana ragewa. Mai juna biyu ta ci gaba da shan ƙwayoyin ƙarin jinin da ake ba ta wajen awo. Wanda kuma likita ya ɗora a kan warfarin, maganin hana jini daskarewa, kada ya ƙara yawan ganyen da yake ci farat ɗaya, domin bitamin K da ke ciki yana rage ƙarfin maganin. Ya fara shaida wa likitansa ko mai ba shi magani tukuna.