Sharhi: An Yanka Jirgin Ashanti, Takardunsa Suna Nan



Yau sharhin namu teku zai shiga. Na san wani zai ce, mu nan Keffi da ruwanmu bai wuce Antau ba, wanda da rani yaro ke tsallake shi wando a naɗe, ina mu ina jirgin yaƙi na teku? To a ɗan ba ni kunne, maganar za ta dawo har ƙofar gida.

A shekarar 1937, a garin Dumbarton na ƙasar Sikotilan, aka tura wani jirgin yaƙi cikin ruwa, irin ƙananan nan masu gudun tsiya da ake kira distiroya. Tsawonsa kamar mita 115, manyan bindigogi takwas, ma'aikata kusan 190, gudu kuwa ya haura kilomita 60 a sa'a, a kan ruwa fa. Aikinsa shi ne aikin masu kwari da baka da ke raka ayarin fatake zuwa Gwanja: ba shi ne ke ɗauke da dukiyar ba, amma shi ke fara haɗuwa da 'yan fashi. Ingila ta ƙera goma sha shida irinsa, ta raɗa musu sunayen ƙabilu. Akwai Zulu, akwai Somali, akwai Nubian, akwai Matabele. Babu mai suna Hausa, kada wani ya tambaye ni. Wannan dai da muke magana a kansa sunansa Ashanti, sunan mutanen Kumasi, inda kakanninmu suka yi ta zuwa sayen goro har suka kafa zango.

A watan Fabrairun 1939 jirgin ya zo Takoradi don ya gaisa da masu sunan. Sarkin Ashanti, Prempeh na Biyu, ya ba shi kyautar ƙararrawar azurfa da garkuwar zinariya. Ba a rufa wata bakwai ba yaƙin Hitila ya ɓarke.

Daga nan jirgin bai sake hutawa ba. Ya yi yaƙin Nowe a 1940. A watan Oktoban wannan shekara ya hau kan duwatsu a gaɓar Ingila, ba abokin gaba ne ya harbe shi ba, hanya ce ta ɓace musu, ya kusa shekara ana gyara. Da ya fito aka tura shi rakiyar ayarin jiragen da ke kai wa Rasha makamai ta tekun ƙanƙara, inda in mutum ya faɗa ruwa sanyi ke kashe shi kafin a miƙa masa igiya. A can ne, cikin Satumban 1942, jirgin ƙarƙashin teku na Jamus ya harbi ɗan'uwansa Somali. Ashanti ya ɗaura masa igiya ya yi ta ja, kwana huɗu yana ja, har hadari ya taso ya karya Somali gida biyu, mafi yawan waɗanda suka rage a cikinsa suka halaka.

Amma abin da ya sa na ɗauko wannan labari ya faru ne wata ɗaya kafin haka. A watan Agustan 1942 tsibirin Malta yana gab da faɗuwa saboda yunwa da rashin mai. Aka haɗa jiragen kaya goma sha huɗu a kai musu ɗauki. Babban jirgin da kwamandan rakiya, Admiral Burrough, yake ciki, kun san sunansa? Najeriya. E, HMS Nigeria, sunan ƙasarmu a jikinsa, tun muna ƙarƙashin Turawa. Ranar 12 ga Agusta da almuru wani jirgin ƙarƙashin teku na Italiya ya sakar masa nakiya, mutum 52 suka mutu. Najeriya ya jirkice ya juya baya, kwamanda ya tattara ya koma cikin Ashanti, daga can ya ci gaba da ba da umarni. Cikin jirage goma sha huɗu, biyar kacal suka isa Malta. Wato a tsakiyar Bahar Rum, Najeriya ya ji rauni, Ashanti ya karɓi tuta. A gaya mini, a cikin ɗalibanmu na sakandare, kai har da na jami'ar da ke nan garin, mutum nawa suka taɓa jin wannan?

Ashanti ya ga ƙarshen yaƙin. A watan Yunin 1944, kwana uku bayan saukar sojojin ƙawance a Nomandi, yana cikin waɗanda suka tare jiragen Jamus a gaɓar Faransa, ya nutsar da ɗaya. Cikin 'yan'uwan nan goma sha shida, huɗu ne kawai suka tsira, yana cikinsu. Sakayyarsa? A 1949 aka ja shi zuwa garin Troon na Sikotilan aka yanka shi gunduwa-gunduwa, aka sayar a gwangwan.

To a nan nake son a saurara da kyau. Su ma Turawan sun sayar da jirginsu a gwangwan. Ba waliyyai ba ne, ƙarfe kuɗi ne a ko'ina. Sun sayar da ƙarfen, amma ba su sayar da labarin ba. Ranar da aka fara ƙera shi tana rubuce. Ranar da ya hau dutse tana rubuce. Sunan kowane kyaftin da ya riƙe shi, da hotunansa, da sunayen waɗanda suka mutu a cikin Najeriya a daren nan, duk suna ajiye. Shi ya sa ni da nake zaune a Keffi, ban taɓa taka jirgin yaƙi ba, nake iya karanto muku tarihinsa shekara bi shekara. Wani ne ya rubuta, wani ya adana, wani kuma ya hana gara ta ci.

Mu fa? Mu sakaci. Ba talauci ba ne, ba rashin ilimi ba ne, sakaci ne. Zan maimaita, sakaci ne.

A wannan yaƙin dai, dubban samarinmu aka ɗiba daga ƙauyukan Arewa, aka zuba su a jiragen ruwa a Ikko, mutanen da wasunsu ko Binuwai ba su taɓa ƙetarewa ba, aka bi teku da su makonni har Indiya, daga can sai dajin Boma. Runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, 1943 da 1944. Sun yi yaƙi a Kaladan, sun yi a Arakan, sun karɓe Myohaung a Janairun 1945. Barikin Dalet na Kaduna da barikin Chindit na Zariya daga can suka samo suna. Kowace tsohuwar unguwa ta taɓa samun nata ɗan Boma, tsohon nan da yara ke tsokana ya ƙame ya sara musu. Ina sunan jirgin da ya ɗauke shi? Wace rana ya tafi, wace rana ya dawo? Wa ya zauna da shi da biro da takarda kafin ƙasa ta rufe masa ido? Jirgin ƙarfe yana da kundi, ɗan Adam mai rai da 'ya'ya da jikoki ba shi da ko shafi ɗaya. Sakaci.

Na ga wannan da idona a wani gida da ba zan faɗa ba. Tsoho ya rasu, aka zo rabon gado, aka jawo adakarsa daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai lambobin yabo masu ƙyallen da ya koɗe, da ɗan littafin sallama daga soja wanda gara ta cinye gefensa, da hoto ɗaya, samari a jere da jar dara. Ba wanda ya san ko wanne ne shi a ciki. Aka raba gona, aka raba ɗakuna, aka kusa dambe a kan keken ɗinki. Adakar kuwa aka zazzage ta a bayan gida, aka kira yaron bola jari da baronsa, ya rataya ta a sikeli, ya ƙirga 'yan canji ya miƙa. Lambobin ma ya haɗa da su, wai ko tagulla ce.

Kuma tunda maganar bola jari ta shigo, bari in ɗan tsaya a kanta, don ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Ban ce sana'ar haram ba ce. Yaro ya fito neman na kansa ya fi ya zauna yana zaman kashe wando. Amma jama'a, abin ya wuce tsintar gwangwani. Murfin kwalbati a kan titi, an ɗauke. Ƙarfen gefen gada, an kwance. Wayar fitilar titi, an yanke. Ƙofar ajin firamare, tagar asibitin ƙauye, kan famfon burtsatse da gari ya yi karo-karo ya haƙa, har allon da ake kafawa a kan kabari don a gane mamaci, duk sun bi sikeli. Mai babur ya faɗa ramin kwalbati da dare ya karye, ƙarfen da zai tsare shi an sayar da shi kuɗin da bai kai na ɗaurin karayar ba. Kuma kada a ɗora wa yaron baro shi kaɗai. Akwai babban dillali da ke zaune a inuwa da babban sikeli, yana ganin murfin kwalbati ya san murfin kwalbati ne, ya auna ya biya. Akwai mu da muke gani a unguwa mu kau da kai, mu ce ba na ubanmu ba ne. Wanda bai ji zafin murfin kwalbatin ƙofar gidansa ba, yaya za a yi ya ji zafin takardar kakansa? Sakacin ɗaya ne.

To mu koma teku. Shi wancan jirgi Najeriya, Indiya ce ta saye shi, ta sa masa suna Mysore, ya yi mata aiki daga 1957 har 1985. Wani ɗan'uwan Ashanti mai suna Haida, wanda suka yi yaƙin gaɓar Faransa tare, yana nan a garin Hamilton na Kanada, 'yan makaranta na shiga suna taɓa bindigoginsa. Mu ma muna da namu jiragen da suka ga yaƙi. NNS Nigeria, wanda aka ƙera mana a Holan a 1965, yana cikin waɗanda suka sauke sojoji a Bonny a Yulin 1967, lokacin yaƙin basasa, daga baya aka sauya masa suna Obuma. A yaba inda ya kamata: NNS Bonny yana ajiye a gidan tarihin yaƙi na Umuahia, duk mai so ya je ya gani. Kuma kada wani ya ce sojan ruwa aikin mutanen gaɓa ne. Marigayi Husaini Abdullahi, babban jami'in sojan ruwa da ya yi gwamnan tsohuwar jihar Bendel daga 1976 zuwa 1978, ɗan Doma ne, nan jiharmu. Yaran Doma nawa suka san a wane jirgi ya yi aiki?

Mu a Keffi ai bai kamata a yi mana dogon wa'azi ba. Kisan da Magaji Ɗan Yamusa ya yi wa Baturen mulki Kyaftin Maloni a garin nan a 1902 kowa ya san shi. Amma je ka nemi labarin a rubuce, mafi yawan abin da za ka tarar rahoton Turawa ne, da idonsu, da fushinsu. Namu ɓangaren yana bakin tsofaffi, tsofaffin kuma kullum raguwa suke. Tudun da ke garin nan ma da sunan Baturen ake kiransa.

Kuma aka yi shekaru ba a koyar da tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa a ƙananan makarantu, sannan muna mamakin yaro ya san 'yan wasan ƙwallon Turai goma sha ɗaya da masu jiran canji, bai san sunan kakan babansa ba. Duk 15 ga Janairu, ranar tunawa da sojoji, a ajiye furanni, a saki tantabaru, a busa bigila, a watse. Tantabara ba ta rubuta suna.

Don haka roƙona ba ga gwamnati kaɗai ba ne, gare ku ne. Duk gidan da ke da tsohon soja, na Boma ne, na Kwango ne, na yaƙin basasa ne, na Laberiya da Saliyo ne, na ƙasa ne ko na ruwa, a buɗe adakar nan a makon nan. A ɗauki hoton kowace takarda da waya, gaba da baya. A rubuta sunansa cikakke, da lambarsa ta soja, da garin da aka ɗauke shi. In yana raye, a sa jika ya zauna gabansa ya kunna rikoda, a bar shi ya yi ta magana ko da ya maimaita. Malaman tarihi na jami'a da masu unguwanni, ku buɗe rajista ku karɓi waɗannan abubuwa. Kai kuma mai babban sikeli, in an kawo maka lambar yabo, don Allah ka mayar wa masu ita.